Yadda ake ɗura garin magani a kafso domin dabbobi

Magungunan dabbobi da dama a gari suke zuwa, cikin leda ko gwangwani, kuma duk mai kiwo ya san wahalar bayar da su. Ka barbaɗa a dusa, rago ya shinshina ya kau da kai. Ka kaɗa a ruwa ka ɗura masa da kwalba, rabi ya bi gefen baki ya zube, in an yi rashin sa'a kuma ya sarƙe, ruwan ya tafi huhu. Idan tumaki biyar ke ci a komi ɗaya, mai ƙarfin cikinsu ne zai cinye rabon saura, alhali sau da yawa raunanan su ne suka fi buƙatar maganin. Kafso yana raba ka da wannan duka. Ɗacin maganin ba ya taɓa harshe, kuma abin da ka auna shi ne abin da ya shiga cikin dabbar.

Amma amfaninsa ya tsaya ne kan abu guda: a auna. Kafso mazubi ne kawai. Mai auna magani shi ne sikeli. Na ga mutane a Katsina da kewayenta suna buɗe kafso su cika shi da ido su rufe, suna ganin ai duk kafso ɗaya ne, kuma wannan ne ya sa na zauna na rubuta hanyar daki-daki.

Kafin ka buɗe leda

Likitan dabbobi ne zai faɗa maka wane magani, miligiram nawa ga kowane kilo na nauyin dabba, sau nawa a rana, kwana nawa. Ka sa ya rubuta maka a takarda, kada ka dogara da abin da kunne ya riƙe. A Najeriya hukumar VCN ce ke yi wa likitocin dabbobi rajista, NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magani rajista. Duba lambarta a jikin ledar, duba ranar ƙarewar aiki, duba ko garin ya dunƙule ko ya sauya launi. Wanda ya dunƙule ya sha laima, ajiye shi gefe. Abin da za ka ɗura kuma na dabbobinka ne, bisa takardar likita. Ɗura kafso a kai kasuwa a sayar wa jama'a wani sha'ani ne daban da ke buƙatar rajistar hukuma.

Akwai abubuwan da ba sa shiga kafso ko da kana da sikeli mai kyau. Farasitamol yana kashe kyanwa, ko kaɗan ne. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Monensin, da ake sa wa a abincin kaji da shanu, guba ne ga doki. Kuloramfenikol ƙasashe da yawa sun haramta shi ga duk dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta, domin ko ɗan burbushinsa yana iya tsayar da aikin ɓargo a jikin wasu mutane. Albendazol ba a ba tunkiya ko saniya a farkon ciki. Sannan babban rago, ko akuya, ko sa, ba a ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ta baki haka kawai, saboda tumbinsu cike yake da ƙananan halittu da ke narka musu ciyawa, maganin kuma ba ya bambance su da masu kawo cuta. Shi ya sa za ka ga likita ya fi karkata ga allura a wurinsu. Idan kuma ƙwayar magani za ka daka ka rarraba, duba kwalinta: mai ɗauke da alamar SR, ER ko EC an yi ta ne don ta saki magani sannu a hankali ko ta wuce ciki kafin ta narke, dakawa na rushe wannan tsarin.

Kayan aiki

Kafso babu komai a ciki, ana sayar da shi da lamba, kuma lambar a juye take tafiya: yadda lamba ke hawa, haka kafso ke ƙanƙancewa. Lamba 000 ita ce babba a jerin da aka saba, tana ɗaukar kusan mililita (mil) 1.37. Lamba 00 kusan mil 0.95, lamba 0 kusan 0.68, lamba 1 rabin mil, lamba 2 kusan 0.37, lamba 3 kusan 0.30, lamba 4 kusan 0.21, sai lamba 5, ƙaramar cikinsu, 0.13. Akwai wani jerin na manyan dabbobi, irin su lamba 13, 12, 11 da 10, waɗanda suka fi 000 girma nesa ba kusa ba, su ma lamba 10 ta fi 13. Kyanwa da tsuntsu suna son 3 zuwa 5. Karen gadi ko na farauta 1 zuwa 00, gwargwadon girmansa. Tunkiya da akuya 00, 000 ko 13.

Lura da cewa duk waɗannan lambobi faɗin ciki suke nunawa, ba nauyi ba. Mudun gero da mudun dusa duka mudu ɗaya ne, amma ɗora su a sikeli ka ga bambanci. Haka garin magani yake. Kafso lamba 0 na iya ɗaukar miligiram 400 na wani gari mai sauƙi, ya ɗauki 700 na wani mai nauyi, kuma ko gari ɗaya ne, yadda ka danna shi yana sauya abin da ya shiga.

Ɓawon kafso iri biyu ne. Akwai na jelatin, wanda ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, na shanu ko na alade. Tambayi mai sayarwa asalinsa, ka nemi shaidar halal a jikin ledar, domin hannunka zai taɓa shi, kuma ragon da ya haɗiye shi wataƙila na Layya ne. Akwai kuma na tsiro, wanda ake rubuta wa HPMC. Ya ɗan fi tsada, amma ni shi na fi so a ƙasarmu, kuma dalilin yanayi ne. Jelatin yana riƙe da ruwa a jikinsa, kashi 13 zuwa 16 cikin 100. Da hunturu ya kama, iskar Katsina ta bushe ƙayau, sai ya saki ruwan nan ya zama mai gautsi, ka ɗan matsa shi ya tsage. A watan Agusta kuma, lokacin da laima ta cika ɗaki, sai ya yi laushi ya riƙa manne wa ɗan'uwansa. Na tsiro bai cika damuwa da bushewar iska ba.

Sikeli shi ne abin da ba a yi masa rowa. Nemi ƙaramin na lantarki mai nuna lamba uku bayan ɗigo, wato giram 0.001, irin wanda masu sayar da zinari ke aiki da shi. Mai nuna 0.01 yana yi idan abin da za ka auna ya kai miligiram 200 zuwa sama. Ƙasa da haka kuskurensa ya yi yawa. Sikelin kicin mai tsalle giram ɗaya-ɗaya ba shi da wuri a wannan aiki. Gwada shi kowane lokaci kafin ka fara. In ya zo da ɗan ƙarfen gwaji, ɗora shi. In babu, ɗora ƙaramin murfi, mayar da sikelin sifili, ka zuƙo ruwa mil 5 da sirinji ka zuba: ya kamata ka ga giram 5 ko dab da shi, tunda mil ɗaya na ruwa giram ɗaya ne.

Sauran kayan ba su da wuyar samu. Ɗan turmi da taɓarya na tangaran ko gilashi, ba na itace ba, domin itace yana shan magani ya ajiye wa na gaba. Tayil guda mai santsi ko gilashin tebur. Tsohon katin banki da aka wanke, don tara gari da daidaita shi. Ƙaramar rariya, farar takarda, safar hannu, takunkumi, da kwalba mai murfi mai kamawa.

Mataki na farko: auna dabbar

A kara, a Mai'adua ko Charanchi, dillali yana kallon rago ya faɗi kuɗinsa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Nauyi ba ya faɗuwa da ido haka. Balami mai dogayen ƙafafu da Yankasa mai gajeren jiki suna iya ruɗin mutum da kilo goma. Kyanwa, kare, ɗan akuya, ka rungume su ka hau sikelin mutane, ka sauka ka hau kai kaɗai, ka cire. Rago kuma a ratsa buhu ta ƙarƙashin cikinsa a rataya a sikelin ƙugiya. Sa da saniya sai tef ɗin tela: zagaye ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ninka da tsawo, raba da 10,840, abin da ya fito shi ne kilo a ƙiyasce.

Mataki na biyu: lissafi

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Garin da ke cikin leda ba zallar magani ba ne. Kamfani ya riga ya gauraya shi da wani abu, kuma ya rubuta ƙarfinsa a jiki. Idan ka ga kashi 20 cikin 100, to kowane giram yana ɗauke da miligiram 200 na ainihin magani. Kashi 10 miligiram 100 ke nan. Wanda bai lura da wannan ba zai auna miligiram 200 na gari yana zaton ya ba da miligiram 200 na magani, alhali 40 kacal ya bayar.

Ga misali da maganin tsutsar ciki. A ce likita ya rubuta fenbendazol miligiram 5 ga kowane kilo, wanda shi ne awon da aka saba yi wa tumaki, ragonka kuma kilo 40 ne. 40 sau 5 ya ba da miligiram 200. Akwai garin fenbendazol mai ƙarfin kashi 22.2 cikin 100, wato miligiram 222 a kowane giram. Raba 200 da 222, ka sami giram 0.9. Wannan shi ne abin da zai shiga kafson rago ɗaya. Gwada ko zai zauna a lamba 000. In ya ƙi, kada ka tilasta, raba shi gida biyu daidai a lamba 00, ka rubuta cewa kowane rago biyu zai sha.

Idan raguna goma ne, yi lissafin goma sha ɗaya, giram 9.9, saboda wani abu zai manne a tayil da jikin kati. Idan nauyinsu ya kusanci juna, da magani mai sassauci irin wannan ana bin nauyin mafi girma a rukunin. Da lebamizol, wani maganin tsutsar, ba a yin haka, domin tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da faɗi. Kowace dabba da nata lissafi. Akuya kuma jikinta yana saurin fitar da maganin tsutsa fiye da tunkiya, don haka kada ka ɗauki awon tunkiya ka ɗora mata, koma wa likita.

Wani dattijo mai kiwon raguna daga wajen Daura ya taɓa kallona ina wannan lissafi a takarda, ya ce, "Malam, ai cika shi kawai za ka yi, magani ne fa, in ya yi kaɗan a ƙara gobe." Na ce, "Baba, wanda ya yi kaɗan ɗin ne ya fi ba ni tsoro. Raunanan tsutsotsi zai kashe ya bar masu taurin rai, su hayayyafa a garkenka. Baɗi ko ka ba da daidai ba zai kama su ba." Wannan ba zato ba ne. Ba da awo ƙasa da ƙima yana cikin manyan dalilan da suka sa tsutsar ciki ke daina jin magani a garken tumaki da awaki a ƙasashe da yawa, kuma idan ta daina ji, ba ta komawa.

Misali na biyu ya fi laushi. Likita ya ce a yi wa kyanwa kafso 20, kowane da miligiram 10 na zallar magani. Miligiram 10 ɗan ƙura ne a bakin wuƙa, ba za ka iya auna shi sau ashirin ba tare da kuskure ba. Dabarar ita ce a auna duka a dunƙule, a faɗaɗa shi da garin da ba ya aikin komai a jiki, sannan a rarraba. Wannan garin cikon ko dai laktos ne, wanda ake samu wurin masu kayan haɗa magani, ko tsabtataccen sitacin masara. Kada ka yi ciko da alli, toka, kanwa ko madarar gari. Sinadarin kalsiyam da ke cikin alli da madara yana ɗaure magungunan dangin tetirasaikilin ya hana su shiga jini, kanwa kuma tana iya sauya maganin kansa. Sukari ma yana jan laima.

Fara da gano abin da kafsonka ke ɗauka. Cika guda biyar na lamba 4 da garin ciko zalla, auna, cire nauyin ɓawon, raba da biyar. A ce ka sami miligiram 140. To kowane kafso zai ɗauki magani 10, ciko 130. Yi lissafin 22: magani miligiram 220, ciko 2,860, jimla 3,080.

Idan daga ƙwaya za ka ciro maganin, tuna cewa ƙwaya mai ƙarfin miligiram 50 nauyinta ya fi 50 sosai. Daka guda biyar, ka san akwai magani miligiram 250 a ciki, wato rabon kafso 25. Auna garin da ka samu, a ce miligiram 900. Kafso 25 sau 140 ya ba da 3,500. Cire 900, saura 2,600, shi ne cikon da za ka ƙara.

Mataki na uku: gaurayawa

Kashe fanka, rufe taga, fitar da yara da kaji. Goge tebur da tayil su bushe sarai. Sa takunkumi da safar hannu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, haka wanda ya san jikinsa ba ya jituwa da fenisilin ko dangin salfa, idan su ake ɗurawa.

Daka maganin ya yi laushi, ka tankaɗe shi da garin cikon ta rariya ɗaya, domin gari mai tsaki da gari mai laushi suna rabuwa da kansu ko bayan an gauraya. Yanzu kada ka juye miligiram 220 a kan tulin 2,860 ka hau juyawa. Ƙaramin abu ba ya bazuwa daidai a cikin babba ta wannan hanya. Wani kafso zai kwashi ninki uku, wani ya tashi wayam. Ninki-ninki ake tafiya. Zuba maganin a turmi, ƙara ciko daidai yawansa, 220, ka murza har su zama abu ɗaya. Yanzu kana da 440, ƙara 440. Murza, kankare gefen turmi da kati, sake murzawa. Kana da 880, ƙara 880. Daga nan ragowar 1,320 ta shiga. Kowane zango ka ba shi minti biyu ko uku, kuma kada ka manta da abin da ke maƙalewa a bakin taɓarya.

Idan magani fari ne ciko ma fari, ido ba zai gaya maka ko sun haɗu ba. Masu haɗa magani kan sa ɗan ƙwayar garin launin abinci tare da maganin tun a zangon farko. Muddin kana ganin zane-zane ko ɗigon launi, ba ka gama ba. Sai duk garin ya zama launi ɗaya.

Mataki na huɗu: ɗurawa

Ƙirga kafson da kake buƙata ka fitar, ka rufe ledar nan take. Ɗora kafso ɗaya babu komai a sikeli ka mayar da shi sifili, yadda duk wanda ka ɗora daga baya nauyin garin kawai za ka gani. Kafso gida biyu ne: doguwar gangar da ke ɗaukar gari, da gajeriyar hula.

Juye garin a tayil, tara shi da kati, danne shi ya zama shimfiɗa mai kauri ɗaya, kusan sulusin tsawon gangar. Riƙe gangar bakinta na kallon ƙasa, caka ta cikin garin har ta taɓa tayil, ɗan murza, ɗaga, matsa gaba ka sake cakawa. Za ka ji a yatsunka lokacin da ta fara cika, cakawar na ƙara tauri. Ɗora hular sama-sama ba tare da ka kulle ba, ka aza a sikeli. Ya gaza, cire hula ka ƙara caka ɗaya. Ya zarce, ɗan buga bakin a tayil. Sai ya zo daidai sannan ka tura hular har ka ji ɗan ƙas, alamar ta kulle. Bayan biyar ko shida hannunka zai gane cakawa nawa ke kawo awon, amma ci gaba da aunawa. Duk lokacin da shimfiɗar ta rarake, sake tara ta ka danne.

Gari mai tsaki-tsaki, irin na fenbendazol ɗin can, ba ya tsayawa a gangar da aka kifa. Shi sai ka auna giram 0.9 a 'yar takarda da aka ninke tsakiyarta, ka tsayar da gangar a ramin da ka huda a kwali, ka zuba ta bakin ninkin a hankali kana ɗan ƙwanƙwasa gefe. Ya fi cin lokaci, amma ga manyan kafso ya fi kowace hanya tabbas.

Akwai allon ɗurawa mai ramuka 24, 50 ko 100, kowane allo da lambar kafsonsa. Ana jera gangar a ramuka, a juye garin da aka auna na adadin ramukan cif, a baza da kati, a danna da madanninsa, a sake bazawa har garin ya ƙare, sannan a kifa hulunan. Yana da sauri ƙwarai. Aibinsa shi ne ramukan tsakiya sukan fi na gefe samun gari, don haka tura garin zuwa kusurwoyi da gangan. Idan ba duk ramukan za ka cika ba, toshe sauran da salatif. Da hunturu gari kan yi ta manne wa robar allon yana tsalle. Shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, nesa da tebur, yana rage wannan.

Mataki na biyar: dubawa da ajiya

Goge kowane kafso da busasshen ƙyalle mai tsabta, domin ƙurar da ta rage a bayansa ita ce ɗacin da kake gudu. Idan da allo ka yi aiki, ɗauki goma daga wurare daban-daban ka auna ɗaya-ɗaya. Ƙa'idar masu haɗa magani ita ce kada a kauce wa awo da fiye da kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. A misalinmu na 140, daga 126 zuwa 154 ke nan. Wanda ya fita, buɗe shi ka gyara. In da yawa suka fita, juye duka ka sake.

Zuba su a kwalba mai duhu, ka jefa ɗan ƙunshin nan mai shan laima idan damina ce. Da hunturu kuwa bar shi, zai ƙara busar da jelatin. A jikin kwalbar rubuta sunan magani, miligiram nawa a kowane kafso, dabbar da aka yi wa, ranar ɗurawa, da "na dabbobi ne" da manyan baƙaƙe, domin kafson da ka ɗura ba shi da bambanci da na mutane a idon yaro ko tsohuwa. Ajiye a wuri mai sanyi da inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, don haka aljihun babur, cikin mota da saman katanga ƙarƙashin kwano duka ba wurin ajiya ba ne. Firiji ma ba dole ba ne sai in maganin ya buƙata, domin in an fito da kwalba tana yin gumi. Iyakar da ake ba busasshen haɗi irin wannan wata shida ne, ko ranar ƙarewar maganin asali idan ta riga zuwa, amma a yanayinmu na fi son a ɗura abin da za a shanye a zagaye ɗaya kawai.

Wanke turmi, tayil da kati da sabulu kafin wani magani ya hau su. Ruwan wankin da ragowar gari kada su je inda kaji ke tsattsaga ko kusa da rijiya.

Bayarwa

Mayar da rago kusurwa da baya, ka tsaya gefensa, hannu ɗaya ƙarƙashin haɓarsa. Kai ya tsaya daidai, ko ya ɗan ɗaga kaɗan. Wanda ya ɗaga kan dabba sama sosai ya hana ta haɗiya da kyau. Tsakanin haƙoran gaba da na tauna akwai gibi. Ta nan ake shiga. Shafa wa kafson ɗan man gyaɗa, kada ka jiƙa shi da ruwa tun da wuri, zai yi danƙo ya manne a hanya. Akwai abin cusa ƙwaya na roba ko ƙarfe da shagunan maganin dabbobi ke sayarwa, wanda ake ba da bolos da shi, wato babbar ƙwayar maganin dabbobi; da shi ake kai kafson bayan tudun harshe a saki. A hankali ake yi. Tura shi da ƙarfi yana iya huda bayan maƙogwaro, rauni ne da ke kumbura ya kashe dabba cikin kwanaki. Kada ka kai yatsa wurin haƙoran tauna. Rufe bakin, shafa wuya, jira ka ga ya haɗiye ya lashi leɓe, sannan ka duba ƙasa, domin akuya ta iya ɓoye abu a kunci ta tofar bayan ka juya.

Kare ya fi sauƙi: ba shi ɗan nama babu komai, sai mai kafso, sai wani babu komai da sauri. Kyanwa kuwa, bayan kafso, bi shi da ruwa kusan mil 5 ta gefen baki da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan. Da doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, wannan wajibi ne, saboda idan kafson ya tsaya a hanyar abinci yana ƙona wurin har ya tsuke. Kaji masu yawa a ruwan sha ake ba su magani. Kafso na zakara ɗaya ne ko talotalo, kuma a tura shi can baya ta gefe, a kauce wa ramin numfashi da ke gindin harshe.

Doki ka bar wa likita. Katsina da Daura garuruwan hawa ne, kuma mai doki ya san abin da ya kashe a kansa, sai dai bakin doki dogo ne, haƙoransa na tauna suna murƙushe kafso su kuma murƙushe yatsa. Ya fi kyau a kwaɓa masa garin da zuma ko ruwan rake mai kauri a shafa can bayan harshe, ko a gauraya a ɗan abincin da zai cinye tas.

Ranar da ka ba da na ƙarshe, rubuta ta a littafi tare da alamar dabbar. A jikin ledar maganin akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, kuma sun bambanta daga magani zuwa magani. Mai kiwon ragon Layya ya ƙirgo kwanakin nan baya daga ranar Sallah kafin ya fara. Idan kuma ka sayar da dabbar kwanakin ba su cika ba, faɗa wa mai saye ranar da ta sha da sunan maganin.